Fosfet esta na kayan wanki: yadda ake yin sa, da dalilin da ya sa ganga biyu masu suna ɗaya suke aiki daban

Tambaya: Ina haɗa ruwan wanke kwalabe da injina, irin mai soda da yawa. Na daɗe ina zuba fosfet esta a ciki, haɗin yana fitowa garau. Da na sauya mai kawo mini kaya sai haɗin ya dagule, kafin kwana ɗaya ya rabu gida biyu, alhali sunan da ke jikin gangar bai canja ba. Yaya ake yin wannan sinadari, kuma me ya kawo bambancin? Sannan shi ne fosfet ɗin da aka ce an hana sa wa a sabulu a Turai?

Amsa: Malam, ina kyautata zaton ba a cuce ka ba. Gangunan biyu duk fosfet esta ne, sai dai ba ta hanya ɗaya aka dafa su ba. Abin da ake sayarwa da wannan suna ba sinadari ɗaya tak ba ne, cakuda ce ta abubuwa aƙalla huɗu: esta mai wutsiya ɗaya, esta mai wutsiya biyu, ragowar alkohol da bai shiga haɗin ba, da asid ɗin fosforik da ya rage a sake. Yawan kowanne a cikin ganga shi ne halin kayan, kuma hanyar da masana'anta ta bi ita ke yanke wannan rabo. Sunan da ke jikin ganga ba ya gaya maka ko ɗaya daga ciki.

Ga siffar abin. Asid ɗin fosforik, H3PO4, ƙwayar fosfaras ce ɗaya a tsakiya, tana da hannuwa uku na OH, wato oksijin da haidurojin a haɗe. Idan aka ɗaura doguwar sarƙar kabon a hannu ɗaya, an sami monoesta: kai mai son ruwa, wutsiya ɗaya mai son maiƙo, da hannuwa biyu da suka rage na asid. Idan aka ɗaura a hannu biyu, diesta ke nan, wutsiya biyu da hannun asid ɗaya. Idan aka rufe ukun duka, tiraesta ya fito, ba sauran asid a jikinsa, kuma ba ya wanki. Aikinsa kashe kumfa ne, ko hana wuta ci, ko sassauta roba. Sarƙar daga alkohol take zuwa. A bakin masu ilimin sinadarai alkohol ba barasa kaɗai yake nufi ba, duk sarƙar kabon mai ɗauke da OH sunanta ke nan. Wanda ake amfani da shi a nan galibi mai maiƙo ne, kabon 8 zuwa 18, daga man kwakwa ko man alayyadi, ko kuma daga man fetur ta hanyar Ziegler ko ta hanyar okso. Sau da yawa kafin a kai shi ga fosfaras sai an ɗura masa etilin oksaid, 'yan ƙwayoyi uku, shida, tara ko fiye, a gaban ɗan KOH (fotasiyam haiduroksaid, ɗan'uwan soda) da zafi, don ya ƙara sabawa da ruwa. Wannan shi ake kira etoksilet.

To, yaya ake ɗaura wutsiyar? Wanda bai san aikin ba zai ce a zuba alkohol a asid ɗin fosforik a dafa. Ana iya yi, amma sai da zafi mai tsanani da zuƙe ruwan da ke fita, kuma kafin a kai ga haka alkohol ɗin ya fara lalacewa, kayan sun yi baƙi. Shi ya sa masana'antu suke neman fosfaras da yake a yunwace, wanda zai cafke alkohol da kansa. Manyan hanyoyin uku ne: hodar fosfaras fentoksaid, asid ɗin folifosforik, da fosfaras oksikulorayid. Akwai lissafi ɗaya da ya ɗaure biyun farko, kuma idan ka riƙe shi sauran bayanin zai zo maka da sauƙi. Lissafin gada ne.

Fosfaras fentoksaid ana rubuta shi P2O5, amma ainihin ƙwayarsa P4O10 ce: fosfaras huɗu da aka haɗa da juna da gadoji shida, kowace gada oksijin ne a tsakanin fosfaras biyu. Ana samun sa ne ta ƙona farin fosfaras a busasshiyar iska, shi kuma farin fosfaras daga dutsen fosfet ake fitar da shi a tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 1,500, tare da gawayin kok da yashi. Duk ƙwayar alkohol da ta zo tana karya gada ɗaya: fosfaras na wannan gefe ya karɓi wutsiya, na wancan gefe ya karɓi OH. Gada shida, alkohol shida, fosfaras huɗu. Raba shida gida huɗu, kowane fosfaras ya tashi da wutsiya ɗaya da rabi. Tunda ba a rabin wutsiya, sai biyu su ɗauki ɗaiɗai, biyu su ɗauki bibbiyu. Wannan ne asalin ƙa'idar da za ka gani a kowane littafin sana'ar, cewa mol 3 na alkohol da mol 1 na P2O5 suna ba da monoesta ɗaya da diesta ɗaya (mol ma'aunin yawan ƙwayoyi ne, ba na nauyi ba).

Mu sa shi a sikeli da lauril alkohol, mai kabon 12. Giram 558 na alkohol da giram 142 na hoda suna ba da giram 700 na kaya: 266 monoesta, 434 diesta. Lura da wannan da kyau, don yana ruɗa mutane da yawa. A ƙidayar ƙwayoyi kunnen doki suka yi, amma a nauyi diesta ya kwashe kashi 62 cikin 100, saboda wutsiya biyu yake ja. Idan mai sayarwa ya ce maka rabi da rabi ne, tambaye shi: a mol ko a nauyi?

A takarda ke nan. A gaban tukunya kuwa, hodar nan ba ta da daɗin sha'ani. Ba a san abubuwa da yawa da suka fi ta ƙishin ruwa ba. Da an buɗe ganga take zuƙar laimar iska, samanta ya yi danƙo. Haɗuwarta da alkohol tana fitar da zafi mai yawa nan take. Don haka alkohol ake fara zubawa a tukunya, a rufe shi da busasshen naitirojin, a kunna maburgi mai ƙarfi, a saki ruwan sanyi a bangon tukunyar, sannan a riƙa barbaɗa hodar kaɗan-kaɗan, ana tsare zafin wajen digiri 40 zuwa 60. Idan ta gama shiga sai a ɗaga zuwa 80 ko 90 a bar shi sa'o'i, har gadojin da suka yi taurin kai su karye. Gaggawa a wannan mataki ba ta taɓa haifar da ɗa mai ido ba. Ina sabon shiga ɗakin gwaji na taɓa juye cokali uku a tare don in tashi da wuri. Hodar ta dunƙule ta zama gudaji, bayan kowane guda ya yi ɓawo mai danƙo, cikinsa yana ci gaba da ƙona alkohol ɗin da ya taɓa shi. Abin da ya kamata ya fito fari-fari ya fito kamar tsohon baƙin mai, da baƙaƙen ɗigo suna yawo a ciki. Ma'aunin zafi bai nuna mini komai ba, domin shi zafin tukunya baki ɗaya yake aunawa, ƙunar kuwa a jikin gudajin take. Saboda wannan matsalar launi ne masana'antu suke ɗiga ɗan asid ɗin haifofosforas tun kafin hoda ta shiga, wasu kuma su wanke launin daga baya da haidurojin feroksaid.

Zafin gudajin nan yana da wata illa da ido ba ya gani. Idan etoksilet ake dafawa, asid mai ƙarfi da zafi suna iya gutsure ƙwayoyin etilin oksaid biyu daga sarƙar su naɗe su zobe, su zama 1,4-dayoksen, sinadarin da ake zargi da haddasa ciwon daji. Jihar New York a Amurka ta kafa doka cewa daga ƙarshen 2023 kayan wanke-wanken gida kada su wuce kashi 1 cikin miliyan na wannan sinadari. Maganinsa a masana'anta shi ne rage zafi, gyara burgawa, da kuma fizge shi da tururi ana zuƙe iska bayan an gama dahuwa.

Akwai kuma mataki na ƙarshe da masu son kammalawa da wuri suke tsallakewa. Ko an dafa sa'o'i, wasu gadoji sukan rage a tsaye, wato fosfaras biyu suna manne da juna da wutsiyoyinsu. Idan aka bar su haka, a cikin ganga za su ci gaba da karyewa sannu a hankali, tsamin kayan da kaurinsu su riƙa sauyawa wata bayan wata. Shi ya sa ake zuba ɗan ruwa a ƙarshe, a riƙe zafin na ɗan lokaci, a karya su da gangan.

Wannan ɗan ruwa shi ne mabuɗin hanya ta biyu. Ruwa ma yana karya gada, sai dai shi ba ya kawo wutsiya, OH yake bai wa ɓangarorin biyu. Idan ruwa ya karya gadoji shidan duka, asid ɗin fosforik huɗu za ka samu, ba esta ko ɗaya. Idan ruwa ya karya biyu, alkohol ya karya huɗu, wutsiya huɗu ke nan ga fosfaras huɗu, kowa ya sami ɗaya. A sikeli: giram 372 na lauril alkohol, giram 18 na ruwa, giram 142 na hoda, jimla 532, wato monoesta biyu cif. Amma ƙwayoyi ba sa bin layi. Wani fosfaras zai tashi da wutsiya biyu, wani ya tashi a tsirara. Abin da ruwa yake yi dai shi ne karkata rabon zuwa monoesta.

Asid ɗin folifosforik ba komai ba ne illa P2O5 da ruwa ya riga ya karya masa yawancin gadojinsa, ya bar gajerun sarƙoƙi na fosfaras biyu, uku, huɗu ko fiye a jere. Ruwa-ruwa ne mai kauri da danƙo, sai an ɗumama shi yake bin famfo. Za ka ga an rubuta masa kashi 105 ko 115 cikin 100, kada ka ɗauka kuskuren bugu ne. Ma'anar ita ce idan ka ba giram 100 nasa ruwan da yake nema, zai koma giram 115 na asid ɗin fosforik tsantsa. Asid tsantsa yana daidai da kashi 72.4 na P2O5, mai lamba 115 kuwa kusan kashi 83 ne. Aiki da shi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba: ba hoda, ba gudaji, zafin da yake fitarwa bai kai na hoda ba, launi yana fita da haske, kuma kusan duk estan da ya fito mai wutsiya ɗaya ne.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ɗauki sarƙa mafi gajarta, fosfaras biyu da gada ɗaya. Alkohol ya karya gadar, gefe ɗaya ya zama monoesta, ɗaya gefen ya faɗo a matsayin asid ɗin fosforik zalla. Da lauril alkohol, giram 266 na esta yana zuwa da giram 98 na asid, kusan kashi 27 na kayan. Sarƙa mai fosfaras uku tana ba da esta biyu da asid ɗaya, sai kason ya sauko wajen 16. Kowace sarƙa, komai tsawonta, sai ta bar maraya ɗaya. Kuma don a cinye alkohol ɗin duka sai an zuba folifosforik fiye da lissafi, wanda ke ƙara yawan marayun. Ga mai haɗa ruwan wanke ƙarfe wannan ba lallai ya zama aibi ba. Ga mai yin sabulun fuska kuwa kaya ne da sai an sauke, ta hanyar wankewa da ruwa da wani sinadarin narkarwa, abin da ke ƙara wa kayan tsada.

Daga nan aka zo ga dabarar gauraya hanyoyin biyu: a fara da folifosforik, ko a kwaɓa hodar a cikinsa, a daidaita adadin gadojin yadda zai yi daidai da wutsiya ɗaya ga kowane fosfaras. Sakamakon shi ne monoesta mai yawa, da ragowar asid da ragowar alkohol duk 'yan kaɗan. A ganina ita ce hanyar da ta fi nuna gwaninta, domin ba sabon sinadari aka ƙirƙiro ba, ƙidayar gada kawai aka iya. Kamfanin Kao na Japan ya yi fice wajen tace monoalkil fosfet don wanke fata, kuma a kansa ya gina sabulun fuska na Bioré a 1980, saboda ba ya cin fata kamar sabulun gargajiya mai soda.

Hanya ta uku ba zan daɗe a kanta ba, don ba kasafai take shafar irin aikinka ba. Fosfaras oksikulorayid, POCl3, ba shi da gada. Kulorin uku yake da su, kowanne alkohol zai iya ture shi ya zauna a gurbinsa. Wannan yana ba da iko sosai: a tsaya a wutsiya ɗaya cikin sanyi sannan a wanke sauran kulorin biyun da ruwa, ko a wuce har uku. Ita ce hanyar da ake bi a yi tiraesta irin su tiributil fosfet. Amma kowane giram 153 nasa yana sakin kusan giram 109 na iskar haidurojin kulorayid, mai cin ƙarfe da huhu, don haka sai tukunya mai rufin gilashi a ciki da na'urar shanye hayaƙi. Yana iya barin gishirin kulorayid a kaya, abokin gabar mai son hana tsatsa. Ƙari a kan haka yana cikin jadawali na 3 na yarjejeniyar duniya kan makamai masu guba, cinikinsa sai da takardu. Don sabulu, wahalar ta fi ribar.

Bayan dahuwa, abin da ke tukunya asid ne. A nan fosfet esta ya sha bamban da ɗan'uwansa salfet esta, irin wanda ke cikin shamfu: shi salfet idan ba a kashe tsaminsa nan take ba sai ya warware, fosfet kuwa yana zama a ganga a asid ɗinsa ba abin da zai same shi. Shi ya sa da yawa a haka ake sayar da shi, mai haɗi ya kashe da kansa. Ana kashewa da soda, ko KOH, ko tirayetanolamin. Gishirin fotasiyam ya fi na sodiyam narkewa. A riƙa zuba estan cikin ruwan alkali ana burgawa, domin idan aka juya tsarin yakan bi ta wani mataki da yake daskarewa kamar ƙaro, maburgi ya kasa juyawa.

Yanzu mu koma kan gangarka. Ruwan da soda ta yi masa yawa ba ya son baƙo. Sinadaran wankin da ba su da cajin lantarki, irin etoksilet ɗin da nake zaton kana zubawa don cire maiƙo, soda tana ƙwace musu ruwan da ke kewaye da su, sai su taso sama kamar mai. Aikin fosfet esta a irin wannan haɗi sulhu ne: ya riƙe su da wutsiyarsa, ya riƙe ruwa da kansa. Monoesta a cikin soda caji biyu yake ɗauka a kan wutsiya ɗaya, don haka yana da ƙarfin zama a ruwan da kuma ƙarfin riƙe wani. Diesta caji ɗaya ne da shi yana jan wutsiya biyu, shi kansa da ƙyar yake zaune, balle ya ɗauki nauyin wani. Ragowar alkohol ɗin da bai shiga haɗi ba kuwa ƙarin kaya ne a kan mai sulhun. To idan tsohon mai kawo maka kaya na folifosforik yake kawowa, sabon kuma na hoda, abin da ka gani shi ne abin da zai faru. Sarƙar ma tana iya bambanta: gajeriya, ko mai zoben fenol, ta fi doguwa iya wannan sulhu, kuma kayan kasuwa irin su Triton H-66 don wannan aikin aka yi su.

Kada wannan ya sa ka ɗauka diesta kayan banza ne. Wajen haɗa mai da ruwa, da sulɓin ƙarfe, da rage kumfa, yakan yi abin da monoesta ba zai yi ba. Estan siteril, mai kabon 18, an daɗe ana sa shi a sabulun injin wanke kwanoni don ya danne kumfa. Abin da ya haɗa mono da diesta shi ne soda ba ta iya tsinke wutsiyarsu cikin sauƙi, ko da zafi, saboda cajin da ke kansu yana korar ta, kuma dukansu suna kwanciya a fuskar ƙarfe su rage tsatsa. Rauninsu kalsiyam ne: wanda ba a yi wa etoksilet ba yakan yi gudaji a ruwa mai kalsiyam da yawa, kamar yadda sabulu yake yi.

Kafin ka zargi kowa, dubi yadda haɗin ya rabu. Idan wani abu mai maiƙo ne ya taso sama, sulhu ne ya gaza, maganar diesta ce ko ragowar alkohol. Idan kuwa farin gari ne ko ƙananan duwatsu suka kwanta a ƙasa, musamman da sanyi, to akasin haka ne: asid ɗin fosforik ne ya yi yawa, ya haɗu da soda ya zama tirasodiyam fosfet, wanda ba ya narkewa sosai a ruwan soda mai ƙarfi.

Sannan ka nemi takardar gwajin kowace ganga, ka duba lambar asid. Ana samun ta ne ta ɗiga KOH a hankali ana kallon pH, wato ma'aunin tsami. Yakan yi tsalle sau biyu, na farko wajen 5, na biyu wajen 9 zuwa 9.5. A tsallen farko kowa ya ba da hannu ɗaya: mono, diesta da asid ɗin fosforik. Tsakanin na farko da na biyu, mono da asid ne kawai suke da hannu na biyu da za su bayar. Don haka raba lamba ta biyu, wato jimlar KOH da aka ci har tsalle na biyu, da ta farko, wato wanda aka ci har tsallen farko. Idan amsar ta kusa 2, diesta kaɗan ne, kayan folifosforik ne. Idan ta kusa 1.5, mono da diesta sun yi kunnen doki, kayan hoda ne. Monolauril fosfet tsantsa zai ba ka kusan 211 da 422, dilauril kuma 129 a duka biyun. Gwajin yana da makanta ɗaya: asid ɗin fosforik shi ma ninki biyu yake bayarwa, yana sajewa da mono. Ana tona shi ne da zuba kalsiyam kulorayid bayan tsalle na biyu, wanda ke sakin hannunsa na uku, a auna shi shi kaɗai. Manyan ɗakunan gwaji suna amfani da na'urar NMR ta fosfaras-31, wadda ke nuna kowane iri daban har da gadojin da ba su karye ba, amma ga bukatarka lambobin nan uku da kason ragowar alkohol sun wadatar. Idan ba za ka iya mayar da gangar ba, gwada a ƙaramin kofi: kwaɓa estan da etoksilet ɗin tukuna a ruwa kafin soda ta shiga, maye gurbin wani kaso na sodar da KOH, ko ka tallafa masa da wani mai sulhun kamar alkil foligulukosayid. Ajiye kofi ɗaya a wuri mai zafi, ɗaya a firji, ka duba su bayan kwana biyu.

Batun Turai kuma, suna ne ya yi kama. Fosfet ɗin da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa shi ne sodiyam tiraifolifosfet, Na5P3O10. Gishiri ne, ba kabon a jikinsa, ba wutsiya. Ana yin sa ta kashe asid ɗin fosforik da soda ash, wato sodiyam kabonet, har sodiyam 5 su tsaya ga fosfaras 3, a busar, a gasa da zafin digiri ɗaruruwa har ruwa ya fita, gadoji biyu su ƙullu. Ka ga shi gina gada ake yi, mu kuwa karyawa muke yi. Aikinsa kama kalsiyam da magniziyam na ruwa don sinadarin wanki ya sami sarari. Da shi garin wanki mai suna Tide ya fito a Amurka a 1946, kuma shekaru da dama ana zuba shi da yawan gaske a garin wanki. Da ruwan wankin ya gangara tafkuna sai fosfaras ɗin ya zama taki, gansakuka ta rufe ruwa, ta ruɓe, ta cinye oksijin, kifi ya mutu. Tafkin Erie da ke tsakanin Amurka da Kanada shi ne misalin da aka fi ambata a shekarun 1960 da 1970. Suwizalan ta hana shi a garin wanki a 1986, masana'antu suka koma ga ziyolait, wanda shi ma yake kama kalsiyam amma ba fosfaras a jikinsa, da makamantansa. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 259/2012 ta ƙayyade giram 0.5 na fosfaras a wanki ɗaya na tufafi daga 30 ga Yuni 2013, da giram 0.3 a wanki ɗaya na injin kwanoni daga 1 ga Janairu 2017.

Auna ka gani. Kashi 25 na nauyin tiraifolifosfet fosfaras ne. Giram 100 na garin da ke da kashi 30 nasa yana ɗauke da giram 7.6 na fosfaras, ninki 15 na iyakar. Monolauril fosfet kashi 11.7 ne fosfaras, kuma fosfaras ɗin da ke cikin giram 2 nasa kusan giram 0.23 ne kawai, wanda aka yi wa etoksilet ma ya fi haka ƙaranci, don sarƙarsa ta fi nauyi. Amma kada ka ce dokar ba ta shafi fosfet esta ba sam. Dokar jimlar fosfaras take ƙirgawa, ko daga wane sinadari ya fito, kuma a ruwa ƙananan halittu suna tsinke wutsiyar esta su bar fosfet zalla, irin wanda gansakuka take so. Iyakokin nan biyu na kayan wankin gida ne, ba su hau kan ruwan wanke kwalabe na masana'anta ba. Abin da zai fi iya hana kayanka shiga can wutsiyar ce: idan estan daga nonilfenol etoksilet aka yi shi, irin wanda ya yi tashe a da, Tarayyar Turai ta taƙaita nonilfenol da etoksilet ɗinsa a kayan wanke-wanke tun 2005, saboda idan ya ruɓe a ruwa yana dagula halittar kifi. Don haka idan za ka rubuta wa sabon mai kawo maka kaya, haɗa da wannan a tambayoyinka: wane alkohol ne, etilin oksaid nawa ne a jikinsa, kuma da hoda aka dafa shi ko da folifosforik.